Wai Kwamfuta Ce Ta Yi!

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, ƙorafi ne, kuma da mu marubuta nake, da masu buga mana rubutu a shagunan kwamfuta na Tudun Wada da sauran unguwannin Kano.

Sau nawa ka buɗe littafi ko kundin ɗalibi, ka tarar an shirya jadawali tsaf, amma a cikinsa "ƙasa" ta koma "qasa" ko "}asa", "ɗaya" ta koma "xaya" ko "]aya"? In ka yi magana sai a ce maka, "Ai kwamfuta ce ta yi." To ni dai na gaji da wannan amsa. Kwamfuta ba aljana ba ce, abin da aka ɗora mata shi take yi.

Ga yadda abin yake. Lokacin da kwamfuta ta shigo mana babu haruffa masu ƙugiya a cikinta, sai Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfurin haruffan Hausa, ya share mana hawaye. Allah ya saka masa da alheri. Amma irin waɗannan samfura na wancan zamani riga ce kawai ake sa wa wani harafi: a ido ƙ ce, a cikin na'ura kuwa q ce ko wata alama. Da an ƙara layi a jadawali, ko an kwafo rubutu an zuba a gidansa, wani lokaci sai sabon wurin ya ɗauki Times New Roman ko Calibri, riga ta faɗi, asiri ya tonu. Ga kuma Word da ke mayar da harafin farko na kowane gidan jadawali babba, ta kuma faɗaɗa gidan yadda ta ga dama, muddin ba a hana ta ba. Kuma hana ta ɗin bai wuce cire alama ɗaya a AutoCorrect da AutoFit ba.

Abin takaicin ma shi ne maganin ya daɗe da samuwa. Tun 1991 tsarin Unicode ya bai wa ƙ da ɗ da ɓ lambarsu ta kansu, ba aro ba. Windows 7 da ta fito a 2009 tana ɗauke da allon rubutun Hausa. Wayar da ke aljihunka ma tana rubuta su. To me ya rage in ba lalaci ba?

Wasu na cewa ai mai karatu zai gane. Haba jama'a! Sarki ya shiga fada, da sarki ya shiga faɗa, ɗaya ne? Baki da baƙi fa? Kafa da ƙafa? Har wasu sun yanke wahala, sun zubar da ƙugiyar gaba ɗaya. Yaron da ke koyon karatu da littattafanmu haka zai tashi yana ganin daidai ne. Wanda zai nemi kalmar "ƙauna" a intanet kuwa ba zai ga littafin da aka adana da "qauna" ba, aikin shekara guda ya shige duhu. Da Turanci ne aka yi wa wannan aika-aika, wallahi babu mai biyan kuɗin bugu.

Saboda haka, marubuci, kada ka karɓi aikinka sai ka bi jadawali gida-gida. Ka nemi a buga maka da Unicode, a kuma ba ka kwafin PDF kafin a kai maɗaba'a. Mai shago, yadda ka koyi tsara katin biki, ka ba da yini ɗaya ka koyi wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mu ba mu kare ƙugiyar nan ba, babu wanda zai taso daga Amurka ya kare mana.

Wanda ya ji haushi ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wassalam.