Kuɗin fiton mota: me ya sa ake karɓa wurin shiga, ba a mayarwa wurin fita?

Maganar takardun kwastam na mota ta shafi kusan kowa a cikinmu, daga dillalan da ke zaune a Berger da Apapa, zuwa direbobin da ke ɗaukar motoci daga Legas su kai Kano ko Sakkwato, har zuwa mai ƙaramin ƙarfi da ya yi shekaru yana tara kuɗi ya sayi tokumbo guda ɗaya. Ra'ayina shi ne tsarin da muke ciki ya ɗora nauyin duka a kan mai saye na ƙarshe, kuma akwai gyaran da za a iya yi.

Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashar jiragen ruwa. Kafin nan kowa ya san hanyar Kwatano, da wadda ke zagayawa ta Nijar ta faɗo ta Maraɗi. A 2022 hukumar kwastam ta fara ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi, wato a sa lambar a kwamfuta ta fitar da darajar motar, a maimakon a yi ciniki da jami'i. A shekarar ne kuma aka tsaya a kan kashi 20 cikin ɗari na fito da ƙarin kashi 15 na haraji a kan motar da aka yi amfani da ita, ban da harajin VAT na kashi 7.5. Sai ga faɗuwar naira bayan watan Yunin 2023. Tunda da dala ake lissafin darajar mota, canjin da kwastam ke amfani da shi ya tashi daga ƙasa da naira 500 ya haura naira 1,500 a farkon 2024. Motar ba ta canza ba, kason harajin bai canza ba, amma kuɗin da za a biya ya ninka har sau uku.

Duk wannan kuɗi a bakin ruwa ake karɓarsa, sau ɗaya, kuma daga nan ya tafi ke nan. Idan bayan wata shida mai motar ya samu mai saye a Yamai ko Garwa ko Injamena, zai fitar da ita da harajin Najeriya a jikinta, can kuma a sake caza masa nasu. Tsarin mayar da kuɗin fito da muke da shi an tsara shi ne domin masana'antun da ke shigo da kayan aiki su sarrafa su fitar, ba domin mai mota ɗaya ba.

A wasu ƙasashen ba haka abin yake ba. A Ayalan akwai harajin rajistar mota da suke kira VRT. Wanda ya shigo da mota dole ya yi mata rajista cikin kwana 30, kuma ana lissafin harajin ne a kan abin da motar za ta yi a kasuwar ƙasar, gwargwadon hayaƙin da take fitarwa. Harajin yana da nauyi, don yana iya kaiwa kashi 41 cikin ɗari. Amma tun 2013 suka buɗe hanyar mayarwa: idan za ka fitar da motar gaba ɗaya, sai ka kai ta a duba, a ƙiyasta darajarta ta yanzu, ka fitar da ita cikin kwana 30, ka kawo shaidar cewa ta bar ƙasar, sai a mayar maka da ragowar harajin bayan an cire yuro 100 na aiki. Motar da darajarta ba ta kai yuro 2,000 ba, ba ta shiga. Holan ma tana mayar da ragowar harajinta na BPM, sai dai ga motar da aka yi wa rajista a wata ƙasar Turai da ke cikin yarjejeniyarsu. Denmak, wadda harajin motarta ya yi suna wajen tsada, ita ma tana mayarwa bayan ta cire wani kaso.

Hikimar a bayyane take. Haraji ne na amfani da mota a cikin ƙasa, to idan motar ta bar ƙasar da sauran rai a jikinta, ragowar kuɗin na mai ita ne. Wani abin da ya fi burge ni a tsarin Ayalan shi ne idan kana ganin an ƙiyasta motarka sama da darajarta, kana biya sannan ka ɗaukaka ƙara cikin wata biyu, in ka yi nasara a mayar maka da rarar.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, ga hanyoyin daji ba adadi. Wani zai fitar da mota ta Jibiya da safe, ya karɓi kuɗinsa, ya dawo da ita ta ɓarauniyar hanya da dare. Sannan kuɗin fito daban ne da harajin rajista, domin a nan jihohi ne ke karɓar kuɗin lamba da lasisi, kwastam kuma na tarayya ne. Na yarda da duka biyun. Sai dai lambar shasin da aka yi amfani da ita wajen ƙara mana kuɗi, ita ce za ta iya toshe wannan ƙofa. Motar da aka mayar wa kuɗi a soke rajistarta, a sa lambarta cikin jerin waɗanda suka fita, kuma kada a biya sai an ga takardar fiton ƙasar da ta shiga. Duk ofishin lasisin da aka kawo masa ita daga baya, kwamfuta za ta nuna. Kuma dillalin da ya san akwai kuɗin da zai dawo masa, shi da kansa zai nemi takarda ta gaskiya tun a tashar ruwa, don takardar bogi ba za ta karɓo masa ko sisi ba.

Amma kafin a kai ga mayarwa, akwai abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mutum ya sayi mota hannu na uku, da lamba, da lasisi, da takardar mallaka, duk hukuma ce ta ba shi. Yana kan hanyar zuwa gida da iyalinsa a tare shi a ce fiton da aka biya shekara biyar da suka wuce bai cika ba. Ejan ɗin da ya yi aikin ya ɓace, wanda ya shigo da ita ba a san inda yake ba. To, yaya aka yi ofishin lasisi ya ba motar lamba tun farko? A 2024 kwastam ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu irin waɗannan motoci su je su cike kuɗin, wanda ya nuna hukumar ta san yawan mutanen da abin ya rutsa da su. Wa'adi yana ƙarewa, motocin kuwa suna nan suna ta sauya hannu. Abin da ya dace shi ne kada a ba mota lamba sai an tabbatar da fitonta, in kuwa an ba ta, to wanda ya shigo da ita da jami'in da ya sa hannu su ne abin nema.

Kafin gwamnati ta motsa, mu kare kanmu. Kada ka biya kuɗin mota sai ka karɓi takardun kwastam ka kai ofishinsu an duba, ka kuma gwada lambar shasin da ke takarda da wadda ke jikin motar, harafi bayan harafi. A rubuta yarjejeniya da shaidu cewa idan fito ya zo da matsala mai sayarwa ne zai ɗauka, ko da ɗan garinku ne. Dillalanmu kuma, musamman masu kai motoci ƙasashen maƙwabta, ya kamata su haɗa kai da ƙungiyoyin masu sayar da motoci su rubuta wa 'yan majalisarmu na tarayya a kan maganar mayar da kuɗin nan, da lissafin abin da suke asara a kan kowace mota.