Cinikin Dutse Da Ibada A Ƙasar Peru

A birnin Kusko na ƙasar Peru, tun wajen ƙarfe 4 na asuba ƙananan motocin safa suke bin masaukan baƙi ɗaya bayan ɗaya suna kwasar 'yan yawon buɗe ido. Inda ake nufa da su shi ne wani dutse mai suna Winikunka, wanda baƙi suka fi sani da Dutse Mai Launi Bakwai. Kamfanonin da ke shirya wannan tafiya sukan haɗa wa mutum kome a kuɗi ɗaya, watau mota da karin kumallo da ɗan jagora da abincin rana, sa'an nan waɗansunsu su ƙara da abin da suke kira bikin gargajiyar Andis, inda wani dattijo zai shimfiɗa mayafi a gefen hanya ya miƙa hadaya ga ƙasa da duwatsu a madadin baƙin. Kafin magariba an komo da kowa masaukinsa. Ra'ayina shi ne an ɗauki abubuwa biyu da ba sa son gaggawa, hawan dutse mai tsawo da ibadar mutane, an cusa su cikin yini guda don a sami abin sayarwa, kuma dukkansu biyun suna shan wuya a kan haka.

Dutsen yana kudu maso gabas da Kusko, tafiyar kamar awa 3 a mota, a maƙwabtan babban dutsen nan Ausangate mai tsawon mita 6,384. Abin da ke jan mutane shi ne jikinsa mai zane-zane, ja da rawaya da kore da shuɗi-shuɗi, kamar an shanya saƙi. Launukan na ma'adinai ne da suka kwanta bisa juna shekaru aru-aru, jan kuwa tsatsar baƙin ƙarfe ce. Kafin wajen 2015 ban da makiyayan yankin da 'yan tsirarun masu zagaya Ausangate a ƙafa ba wanda ya damu da wurin. Hotuna ne a Facebook da Instagram suka tona shi, har ya zama a 2018 akan sami baƙi kusan 1,000 a rana guda.

To, bari mu fara da tsawon, domin mai karatu a nan ƙasar da wuya ya gane nauyin maganar sai an kwatanta masa. Birnin Jos, da muke ganin yana bisa, bai fi mita 1,200 da 'yan kai ba daga doron teku. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Shi kuwa Kusko, inda baƙin suke kwana, yana kan mita 3,400, kuma wurin da ake tsayawa a kalli Winikunka ya haura mita 5,000, watau sama da ƙafa 16,400. A irin wannan tsawo iska ta yi sirantaka ƙwarai, har abin da mutum yake samu na oksijin a kowane numfashi bai wuce kusan rabin abin da zai samu a Legas ba.

Jikin ɗan Adam yana iya sabawa da haka, amma sai an ba shi kwanaki. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni sun ce ciwon tsawo yakan fara kama mutane daga mita 2,500, sun kuma ba da shawara cewa idan an wuce mita 3,000 kada a ƙara fiye da mita 500 a wurin kwana daga dare zuwa dare. Mutanen Peru suna kiran ciwon soroche. Yakan fara da ciwon kai da tashin zuciya da jiri da kasala, wanda ya tsananta kuwa sai ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma kowanne daga cikin biyun yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Babban maganinsa shi ne a sauko da mutum ƙasa nan da nan. Gaskiya ne mai hawan yini ɗaya ba kwana yake a can bisa ba, wannan kuwa yana rage haɗarin. Amma a dubi yadda abin yake gudana. Baƙo ya taso daga Lima da ke bakin teku, jirgin sama ya sauke shi a Kusko cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, hutunsa mako guda ne tak, ga wurare da yawa da yake son gani. Sai ya tarar da talla a kowane lungu ana ce masa gobe da asuba za a tafi. Wanda yake sayar da tikitin ladansa a kan yawan kawuna yake, ba shi kuwa da wani dalilin da zai sa ya tambayi baƙon yaushe ya iso gari. Mota za ta kai shi har wajen mita 4,600, ta yi masa a awa 3 abin da ƙafa za ta yi a kwanaki, sa'an nan a ce ya taka sauran. Idan abu ya ɓaci, asibitin kirki yana can baya da nisan awoyi, abin da ke hannun ɗan jagora kuwa bai wuce ƙaramar tukunyar oksijin ba.

Akwai wani gefen da ya shafe mu kai tsaye, wanda tallar ba ta ambata. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon amosanin jini, watau rukunin AS, yawancinsu kuwa lafiya lau suke zaune, waɗansu ma ba su san suna da ita ba. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙarancin oksijin a wuri mai tsawo yana iya sa jinin irin waɗannan mutane ya toshe a cikin saifa, ya kawo matsanancin ciwo a gefen ciki na hagu. Mai SS kuwa ba a ma maganarsa. Ma'aikacin gwamnati da aka tura taro Lima, ko ɗalibin da ya sami karatu a wancan sashe na duniya, ya kamata ya san rukunin jininsa ya kuma ga likita kafin ya yi sha'awar hoto a kan wannan dutse.

Yanzu sai batun hadayar, wanda a ganina ya fi na farko zurfi. Manoma da makiyayan Andis masu jin harshen Kecuwa sun ɗauki ƙasa a matsayin uwa, suna kiranta Pachamama, manyan duwatsu kuma iyayengiji ne masu tsaron kowane yanki, ana ce musu Apu. Ausangate yana cikin mafiya girman daraja. Zamansu da waɗannan ya ginu ne a kan abin da suke kira ayni, watau ka yi mini yau in yi maka gobe, irin yadda gayya take tsakanin manoma. Ƙasa ta ba da dankali da ruwa da ciyawar dabbobi, saboda haka tilas a rama mata. Wanda yake haɗa hadayar shi ake kira paqo. Yakan shimfiɗa farar takarda bisa saƙaƙƙen mayafi, ya jera ganyen koka da masara da sauran hatsi da alewa da furanni da kitsen lama, wata dabba dangin raƙumi marar tozo. Kowane mahalarci yakan riƙe ganyen koka uku, ya hura musu numfashi yana ambaton buƙatarsa, ya miƙa. Daga ƙarshe a naɗe ƙunshin a ƙone shi ko a binne. Matsayin ganyen koka a wurinsu ya yi kama da na goro a wurinmu, da shi ake gaisuwa, da shi ake neman aure, da shi ake buɗe magana. Babban lokacin hadayar shi ne watan Agusta, gab da shuka, lokacin da suke cewa ƙasa ta buɗe baki tana jin yunwa.

Wannan al'ada ba da sauƙi ta kawo yau ba. Bayan Sifaniyawa sun kama Sarkin Inka Atahualpa a 1532 sun shiga Kusko a 1533, malaman coci sun shafe ƙarni na 17 suna farautar wuraren bautar gargajiya suna ƙonewa, har wani daga cikinsu, Pablo José de Arriaga, ya wallafa littafi a 1621 yana koyar da yadda za a tumɓuke ta. Mutanen suka ɓoye abinsu, suka gauraya shi da addinin Katolika, suka ci gaba da yi a gonaki da garken dabbobi. Abin da ya tsira daga wuta shekaru 400 shi ne yau ake gutsurowa a yi shi cikin 'yan mintoci tsakanin saukowa daga mota da hawan doki, direba yana duba agogo, baƙi suna ɗaga wayoyi.

Wani zai ce ai dattijon da yardarsa ya zo, an kuma biya shi. Haka ne, ba ni kuwa da ikon hana talaka neman abincinsa. Amma hadayar da ake yi don shuka ko don haihuwar dabbobi ko don marar lafiya tana da dalili da lokaci da mutanen da abin ya shafa. Wadda ake yi kullum da hantsi saboda mota ta iso, dalilinta tikiti ne. Yaron da ya tashi yana ganin kakansa yana maimaita ta ga baƙin da ba su jin kalma ɗaya ta Kecuwa, wane irin abu zai ɗauka ita ce? Ban da haka, inda kuɗi ya shiga, 'yan sojan gona ba sa rasa biyowa, domin baƙo ba shi da hanyar bambance paqo na gaske da wanda ya sayi hula da mayafi a kasuwa jiya. Su ma baƙin ana tauye musu haƙƙi. Takardun talla sun fi son kalmomi irin su al'ada da nishaɗi, alhali kuwa abin da ake yi bauta ce. Wanda addininsa bai yarda ya miƙa hadaya ga wanin Allah ba, Musulmi ne ko Kirista, ya cancanci a gaya masa gaskiya tun a ofis, ya zaɓi ya tsaya gefe cikin ladabi, kada sai an danƙa masa ganye uku a hannu sa'an nan ya gane inda aka dosa.

Ba zan ɓoye alherin da baƙin suka kawo ba. Makiyayan alfaka da a da ba su da abin sayarwa sai gashi da nama, yanzu suna ba da hayar dawaki, matansu suna sayar da saƙa da abinci, ƙauyuka suna karɓar kuɗin shiga. Sunan da dutsen ya yi shi ne ma ya cece shi a 2018, lokacin da aka gano an ba wani kamfanin haƙar ma'adinai mai tushe a Kanada izini a kan filin da ya haɗa da shi. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye, Shugaba Martín Vizcarra kuma ya sa hannu a dokar dakatar da ba da irin wannan izini a wurin. Da ba don hotunan ba, watakila da yanzu rami ne a wurin. Sai dai kuɗin ya zo da nasa sharrin. Dutsen yana kan iyakar gundumomin Pitumarca da Cusipata, an kuma daɗe ana jayayya a kan wanda ya mallaki hanya da wanda zai karɓi kuɗin ƙofa, an sha toshe hanyoyi, har a 2024 rikicin ya kai ga asarar rai. An mai da wata fadama da agwagin daji suke sauka wurin ajiye motoci, kofatan dawaki da takalman dubban mutane kuma sun cinye ciyawar hanya. Mutanen da ayni ya haɗa shekaru aru-aru, ga shi kuɗin ƙofa yana neman raba su.

Abin lura shi ne mutanen yankin da kansu sun nuna sun san yadda ake ja da baya idan dutse ya gaji. A kwarin Sinakara, ba nisa da Ausangate, dubun dubatar masu ziyara suke taruwa kowace shekara don bikin Qoyllur Rit'i, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2011. A da waɗansu zaɓaɓɓun maza sukan hau cikin dare su saro manyan gutsattsarin ƙanƙara su goyo zuwa ƙauyukansu don neman albarka. Da aka ga ƙanƙarar tana ja da baya saboda ɗumamar yanayi, sai aka daina sarowa tun shekarun 2000. Ba ƙaramin abu suka bari ba. Hukumar binciken ƙanƙara ta ƙasar ta bayyana a 2023 cewa Peru ta yi asarar fiye da rabin ƙanƙarar duwatsunta cikin shekaru 60, kuma daga wannan ƙanƙara ne ruwan sha da na noman rani yake gangarowa.

Gwamnatin Peru ma ba baƙuwa ba ce ga kafa doka a irin wannan sha'ani. A tsohuwar hanyar Inka da ke zuwa Machu Picchu ta ƙayyade mutum 500 a rana, har da 'yan dako da 'yan jagora, ba a shiga sai ta hannun kamfani mai lasisi, kuma ana rufe hanyar duk watan Fabrairu don gyara. Irin wannan ya kamata a yi wa Winikunka. A ƙayyade yawan masu hawa, a hana sayar da tikiti ga wanda bai kwana biyu ko uku a Kusko ba, a ajiye ma'aikacin lafiya da motar ɗaukar marasa lafiya a bakin hanya da kuɗin ƙofar da ake karɓa, a kuma zauna da ƙauyukan a rubuta yadda za a raba kuɗin kowa ya sa hannu. Hadayar kuwa a fitar da ita daga jadawalin kamfanoni, a mayar wa ƙauyukan ikon cewa yaushe za a yi ta, wa zai yi, da ko baƙo zai halarta. Wanda yake son gani da gaske sai ya nemi izini, ya kwana a ƙauyen, ya jira lokacinta a watan Agusta.