Kasuwar Turanci a Tailan: Ilimi Ake Saye ko Fasfo?

Galibinmu a jikin buhun shinkafa muka fara ganin sunan Tailan. Amma ga matasan Ingila da Amurka da suka kammala jami'a ba su san inda za su dosa ba, ƙasar mafaka ce: a je a koyar da Turanci shekara ɗaya ko biyu, a huta da ƙanƙara, a sha iskar teku.

Abin ba yau ya soma ba. Tun a 1862 Sarki Mongkut ya ɗauko Anna Leonowens domin ta koya wa 'ya'yansa Turanci. Turawa ba su taɓa yi wa ƙasar mulkin mallaka ba, saboda haka ba ta gaji harshensu yadda muka gada ba. Da kuɗinta take sayen sa. Tana kuwa buƙatarsa, domin baƙi kusan miliyan 40 ne suka ziyarce ta a 2019.

Na fahimci masu zuwa. Abinci da haya na da sauƙi, musamman a garuruwa irin Chiang Mai. Sama da kashi 90 cikin 100 na jama'ar mabiya addinin Buddha ne, kuma malami na da daraja a wurinsu. A farkon shekarar karatu akwai bikin Wai Khru, wanda ake yi ranar Alhamis, inda ɗalibai ke durƙusawa gaban malamansu su miƙa musu furanni. Duk wanda ya taɓa riƙe alli wata uku ba albashi, ba sannu, ya san nauyin wannan durƙuson.

Sai dai, mai karatu, kafin ka fara neman biza, ka san yadda kasuwar take. Ana buƙatar digiri, da takardar izinin aiki, da amincewar hukumar malamai ta ƙasar. Wannan daidai ne. Inda gizo ke saƙa shi ne, ɗan Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, New Zealand ko Ireland ana ɗaukarsa a matsayin mai harshen, ko da tarihi ya karanta. Ɗan Nijeriya kuwa, wanda da Turanci ya yi karatu har jami'a, wataƙila ma digirinsa a kan Turancin ne, sai ya kawo sakamakon jarrabawa irin TOEIC ya nuna yana jin harshen.

Ko ya haye, da sauran rina a kaba. 'Yan Filifin sun cika makarantun ƙasar, da yawansu ƙwararrun malamai ne, amma sau da yawa albashinsu ba ya kai na Baturen da ke aji na kusa, wanda ƙila kwas ɗin mako huɗu kaɗai ya yi. Masu makarantu kan fake da iyayen yara, wai su ne ke son ganin farar fata a bakin ƙofa da safe. Shi ya sa makarantu da dama, kafin su buɗe takardun mai neman aiki, hotonsa suke fara dubawa.