Tsohon kare a hannun tsoho: riƙo ne, ba sauke kaya ba

A nan mun san kare da tsaron gida da farauta. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa abokin zama ne, a ɗaki yake kwana. In mai shi ya rasu, ko ƙarfinsa ya ƙare, sai a kai karen gidan da ake tara dabbobin da suka rasa mai su. A can, masu zuwa ɗauka sun fi son ƴan kwikwiyo. Tsohon kare, mai furfura a baki da ciwon gaɓoɓi, shi ne ake wucewa a bari.

Saboda haka waɗansu ƙungiyoyi suka yi dabara: su haɗa tsohon kare da tsohon mutum. A birnin San Faransisko na Amurka, ƙungiyar Muttville, wadda aka kafa a shekarar 2007, tana karɓar karnuka masu shekara 7 zuwa sama, kuma tana yafe kuɗin ɗauka ga wanda ya kai shekara 62.

A ganinmu dabarar tana da kyau. Tsohon kare ya daina guje-guje da ɓarna, ya san ladabin gida. Abin da yake so shi ne abinci, da inuwa, da ɗan tattaki safe da maraice. Tsohon da ke zaune shi kaɗai kuwa, tattakin nan shi ne zai fid da shi waje, ya miƙe ƙafa, ya gaisa da maƙwabta.

Amma akwai abin lura. Tsufa da ciwo tare suke tafiya, ga mutum da dabba duka. Wanda ya aje aiki, yana lallaɓa ɗan abin da yake samu a wata, ina zai iya da kuɗin likitan dabbobi? In an kwantar da shi gidan likita, wa zai ba karen ruwa? In ya riga karen mutuwa fa? Ƙungiyar da ba ta amsa tambayoyin nan uku ba, ba taimako ta yi ba: kayanta ta sauke bisa kan wanda ya fi ta rauni.

Hanyar da ta dace ita ce ta riƙo. A jihar Tenesi, ƙungiyar Old Friends tana ba da tsofaffin karnuka riƙo har ƙarshen rayuwarsu, ita ce kuma ke ɗaukar nauyin maganinsu. A Ingila, ƙungiyar Cinnamon Trust, tun shekarar 1985, tana aika ƴan sa kai su zagaya da karen tsohon da ba ya iya fita, su riƙe shi in an kwantar da mai shi, su nema masa gida in ya rasu. Faransa ma, da dokar ranar 8 ga watan Afrilu na 2024, ta ba mazauna gidajen tsofaffi damar zama da dabbobinsu, bisa sharuɗɗa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ba tsoho kare, amma ƙungiya ta tsaya bayansa. Ɗiyansa da jikokinsa kuma kada su ce an hutar da su. Kare yana ɗebe kewa, amma ba ya tambayar tsoho yadda ya kwana.