Wasiƙa Zuwa ga Masu Binciken Muhalli da Masu Tsara Manhajar Manoma a Ƙasar Daura

Dalilin wannan takarda shi ne na ga fannoni biyu waɗanda a da ko gaisawa ba su yi, wato ilmin muhalli da ilmin mu'amalar ɗan Adam da kwamfuta, sun fara haɗuwa a hannun samarinmu, har ana ta tsara manhajojin waya domin shaida wa manomi lokacin faɗuwar damina ko ƙidaya itatuwan gonarsa. Kuma tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gara a yi maganar yanzu.

Na san a jami'o'i ana auna darajar mai bincike da yawan maƙalolinsa da adadin waɗanda suka ambace shi, kamar yadda Google Scholar yake lissafawa, ban kuwa raina wannan mizani ba, domin malamanmu na da ma sun kula da isnadi, sun san wanda ya ɗauka daga wani. Sai dai mizani ne wanda ba ya kaiwa Baure ko Sandamu, alhali can ne za a gane ko ilminku nafi'i ne.

Ku dubi Michael Mortimore, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, ya koma Jami'ar Bayero ta Kano: bayan farin 1972 zuwa 1974, lokacin da masana da yawa suka yanke hukuncin cewa talaka ne yake jawo hamada da gatarinsa, shi sai ya dinga komawa ƙauyuka irin su Dagaceri shekara bayan shekara, yana tambaya yana saurare, har ya fitar da littafinsa a 1989 mai nuna cewa manomi yana da dabarun jure fari waɗanda ofis bai san da su ba. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ma tana maƙwabtaka da ku. A 1983 wani mai suna Tony Rinaudo ya lura a Maraɗi cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, manoma suka karɓi sassabin zamani, suna barin tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi su girma. Sai bayan shekara ashirin da 'yan kai masu bincike biyu, Gray Tappan da Chris Reij, suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, suka tarar wajen kadada miliyan 5 ta farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawon nan na Matamai da Magarya, wanda duk mai ƙetare Kongolam yake gani, hannun manoma ne ya tsayar da shi, na'ura shaida kawai ta yi.

Saboda haka, kafin ku zana ko maɓalli guda, ku zauna ku kalli wayar a hannun mai ita. Galibi ƙarama ce mai madannai, sau da yawa ita kaɗai ce a gidan, ana kai ta wurin mai caji ranar kasuwa a biya, kuma a ƙauyukan bakin iyaka layin yakan tsallaka Nijar ba da izinin kowa ba. Mai riƙe da ita yatsunsa sun yi kanta da fartanya, rana ta haske gilashin, kuma watakila ya sauke Alƙur'ani yana rubuta ajami sarai, amma ku kun jera masa boko da Turanci, sa'an nan kuka rubuta a rahoto cewa jahili ne. Wannan zalunci ne a cikin tahƙiƙi. Kun ce masa ruwa ya kai milimita 20, shi kuwa tona ƙasa yake yi da hannu ya ga inda laima ta tsaya kafin ya yarda ya fitar da irin gero. Amfaninsa da dami da tiya yake aunawa. Ga kuma darasi daga wani wuri: a Gujarat ta Indiya, a 2009, masu tsarin Avaaj Otalo sun ba manoma layin murya, suka tarar abin da manoman suka fi so shi ne yin tambaya da sauraron tambayoyin 'yan'uwansu. Ina kyautata zaton manomin Zango ma haka ne.

Wata amana kuma: idan dattijo ya bayyana muku abin da kalgo da sabara suke nunawa game da ƙarfin ƙasa, ko mace ta faɗa muku iccen da ya fara wuyar samu wajen girki, to ilminsu ne kuka ɗauka, wajibi ne ku nemi yardarsu, ku ambaci garinsu.

Roƙona gare ku, musamman ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura: duk binciken da kuka kammala, ku koma ƙofar dagacin da ya karɓe ku, ku karanta wa jama'a sakamakon da Hausa, ku bari su gyara muku kafin ku aika wa mujalla. Wassalam.