Abincin Gari Shi Ma Darasi Ne

'Yan'uwana 'yan makaranta, akwai wata ɗabi'a tamu wadda ni ke so mu duba. Duk sa'ad da aka ce za mu yawon buɗe ido, sai kowa ya cika jaka da burodi da kifin gwangwani. Mu je gari, mu kalli dutse da kogi, mu komo ba mu san ko me mutanen wurin su ke ci ba. A ganina wannan hasara ce babba.

Ku dubi yadda Turawa su ke yi. A ƙasarsu akwai wani kogi wai shi Danub, tsawonsa kamar mil 1,770, ya taso daga Jamus ya ratsa ƙasashe 10 kafin ya faɗa teku. Mutane su kan biya kuɗi mai yawa su shiga jirgin ruwa su bi shi. Kullum jirgin ya kan tsaya a wani gari, fasinja su sauka su yini. A Biyana su shiga gidan gahawa. A Budafes su ci gulash, watau farfesun naman shanu mai jan barkono. Ga abinci cike da jirgi, amma sun san ba a sanin mutane sai an sa hannu cikin akushinsu.

To, mu fa? Daga nan Miri ba mu bukatar jirgi. Masar Bauchi, wadda ta yi suna ko'ina a Arewa, tana nan bakin ƙofarmu. Mu nawa ne mu ka taɓa tsayawa wurin mai tanda mu ka tambaye ta yadda a ke jiƙa shinkafa, a niƙa, a bar ƙullu ya kwana ya tashi? In mun nufi Yankari, wadda aka buɗe wa jama'a a 1962, mu kan yi wanka a ruwan Wikki, mu nemi giwa a bakin kogin Gaji, amma mu wuce mai fura da nono a Alƙaleri. In mun hau Jos, ga gwaten acca. Wanda ya ci shi ya tambaya, zai ji cewa acca tana yi a ƙasa mai tsakuwa inda dawa ba ta jin daɗi. Ashe ya koyi labarin ƙasa ke nan ba allo ba alli.

Abin da ya fi damuna shi ne gobe. Mu malamai za mu zama, kuma ba mu ne za mu zaɓi inda za a tura mu ba. Ran da ka sauka ƙauye, uban wani yaro ya aiko maka da tuwo, ka yamutsa fuska ka mai da, to ka rufe wa kanka ƙofa. Gobe ka je neman a sa yara makaranta, wa zai saurare ka? Da ɗan gari a kan ci gari.

Wani zai ce, ina batun addini da lafiya? Gaskiya ne. A bakin Danub akwai giya da naman alade, nan ma akwai inda a ke dafa burkutu. Maganin wannan tambaya ce cikin ladabi: "Baba, da me aka yi wannan?" Abin da ya haramta gare ka, ka yi godiya ka bari. Abinci kuwa a ci shi da zafinsa, a wanke hannu, a guji ruwan da ba a tafasa ba. Amma tsantseni dabam, raini dabam.

Saboda haka ina roƙon malamanmu masu shirya tafiya su ware sa'a guda ta shiga kasuwa, kowa kuma ya rubuto abinci guda da ya ɗanɗana da yadda a ke yinsa. Allah ya sa mu dace, amin.