Ciniki Dabam, Sata Dabam

A shekarar 1987 wani Ba'amurke, Oliver Stone, ya fito da wasan majigi mai suna Wall Street, watau titin nan na Niyu Yok inda ake cinikin hannun jari. A ciki wani attajiri, Gordon Gekko, ya miƙe gaban taro ya ce haɗama alheri ce. Abin mamaki, samari da yawa suka ɗauke shi gwani.

To, jama'a, mu duba aikinsa. Ba ya noma, ba ya ƙira. Yaronsa Bud Fox ke sato masa asirin kamfanoni, shi kuwa ya saye hannun jari tun masu shi ba su farga ba. Da ya kama kamfanin jiragen sama inda uban yaron ke aiki, nufinsa ya wargaza shi ya sayar, ma'aikata su rasa abinci.

Wani zai ce ai ciniki wayo ne. Haba! Mai saye da labarin sata ɓarawo ne, ko da ya sa kwat. A 1986 irin wannan laifi ya jawo wa Ivan Boesky biyan dala miliyan 100, daga baya aka ɗaure shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.